Muna son ɗaukar bidiyon gangarowa a kan dogon allo a hanyar Hada: ina neman shawara

Ɗan Rusaifa, Makka

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayenmu da yayyenmu da ke wannan zaure, da fatan kowa yana lafiya shi da iyalinsa.

Mu biyar ne, dukkanmu haifaffun Makka, kuma kusan shekara biyu ke nan muna wasa da dogon allo mai taya huɗu, wanda 'yan wasan ke kira longbod. Ga wanda bai san shi ba, ɗan'uwan ƙaramin allon nan ne da yara ke tsalle-tsalle da shi a bakin teku a Jidda, sai dai ya fi shi tsawo, tayoyinsa sun fi girma da laushi, kuma don gangara aka ƙera shi. Mun fara ne a 'yan gangaren unguwa bayan sallar isha'i, daga baya muka riƙa fita bayan gari zuwa wuraren da aka yanka filaye aka shimfiɗa kwalta amma ba a fara gini ba. Uku daga cikinmu sun iya tsayar da allon ta hanyar karkatar da shi ya ja tayoyinsa a gicciye, hannu ɗaya a ƙasa. Ni da na biyar ɗinmu kuwa har yanzu da tafin takalmi muke taka birki.

Abin da ya kawo ni shi ne, mun yanke shawarar mu haɗa bidiyo na minti uku ko huɗu kafin ɗayanmu ya tafi karatu, domin ya zame mana abin tunawa, mu kuma ɗora shi a YouTube da Instagram. Wurin da zuciyar kowa ta kwanta a kai shi ne hanyar Hada, wadda ta sauko daga Ɗa'ifa zuwa Kurr da ke gindin dutse ta wajen Makka. Duk wanda ya taɓa shiga tilifirik ɗin Hada, motar nan da ke tafiya a kan igiya, ya leƙa ƙasa ya ga yadda kwalta ta naɗe jikin dutse kamar rawani, zai gane dalilinmu. Tsarin da muka yi shi ne mu kwana a Ɗa'ifa ranar Alhamis, mu fito bayan sallar asuba ranar Juma'a lokacin da muke tsammanin motoci ba su da yawa, huɗu su gangaro, ni kuma in bi su a mota, wan abokinmu yana tuƙi, ina leƙowa ta taga da waya. Muna da ƙaramar kyamara ta GoPro guda ɗaya, kuma wani ya yi alkawarin ara mana ƙaramin jirgi maras matuƙi mai kyamara.

Ina roƙon masu sani su haska mana abubuwa kaɗan. A ina ya fi dacewa a ɗaura kyamarar, a jikin mota ko a hular kwanon mai gangarowa? Wace irin rata ya kamata mota ta bari tsakaninta da allo? Sannan akwai abin da ya daɗe yana ba mu haushi: duk bidiyon da muka ɗauka a baya, idan muka zauna kallo sai mu ga kamar tafiyar hawainiya muke yi, alhali kuwa lokacin da muke kan allon iska har hawaye take sa mu. Mene ne sirrin da ke sa gudu ya fito a hoto? A ƙarshe, shin irin wannan ɗauka tana bukatar izinin hukuma? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Direba, Ɗa'ifa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, na ji daɗi da ka yi tambaya kafin ku tafi, domin da yawa sai sun dawo suke tambaya. Batun kyamara zan bar wa masu sana'ar, amma hanyar Hada kam gonata ce, domin na yi fiye da shekara ashirin ina jigilar fasinja tsakanin Makka da Ɗa'ifa, kuma babu kwanar da ban sha ba da rana da dare. Shawarata ita ce ku cire wannan hanya daga lissafinku gaba ɗaya.

Hada tana kan tudun da ya kai kimanin mita 2,000 daga doron teku, Makka kuwa kimanin mita 300 ce, kuma mafi yawan wannan saukar ana yin ta ne cikin kimanin kilomita 20 da ke tsakanin Hada da Kurr. Tun da aka buɗe hanyar a zamanin Sarki Faisal, a 1965, direbobi ke shakkarta, kuma ko bayan da aka faɗaɗa ta aka raba hannun hawa da na sauka, manyan motocin kaya sai dai su zagaya ta hanyar Sail. Mu da ke da birki a taya huɗu, da giya muke saukowa, domin wanda ya dogara da birki kaɗai zai ji ƙaurinsa kafin ya kai gindin dutsen. Ku kuwa, a yadda ka bayyana, birkinku tafin takalmi ne da tafin hannu.

Daga tilifirik kwaltar sumul take kamar an goge ta, amma taya ba haka take ganinta ba. Akwai idon mage, ƙusoshin nan masu ƙyalli da ake jerawa tsakanin layi da layi a hanyoyin ƙasar nan, waɗanda tayar mota ke hawa a ji ɗan ƙara kawai, amma ka auna abin da za su yi wa tayar da ba ta fi lemun zaƙi girma ba. Akwai gadoji, kuma kowace gada tana da mahaɗa ta ƙarfe a farkonta da ƙarshenta. Akwai tsakuwar da ke gangarowa daga dutse bayan ruwan sama. Akwai hazon da kan rufe hanya har hukuma ta dakatar da zirga-zirga. Sai kuma birai, waɗanda su kansu ba su kai masu ciyar da su haɗari ba. Na taɓa shawo wata kwana na tarar da mota tsaye rabinta a kan titi, ƙofofi a buɗe, yara suna jefa wa birai ayaba, kuma da ƙyar na kauce duk da ina tafiya a hankali. Da a kan allo nake, da babu inda zan nufa sai bayan motar ko shingen kankare.

Zaton da kuke yi cewa safiyar Juma'a hanya babu kowa, shi ma ba daidai ba ne. A wannan lokaci ne mutanen Ɗa'ifa ke sammakon sauka domin su samu wuri a Harami, kuma a lokacin ne waɗanda suka kwana hira a istiraha, wato gidajen shaƙatawa na haya, suke komawa Makka da Jidda ba su runtsa ba. Direban da bai yi barci ba shi ne kuke so ku ba amanar bayanku.

Wata magana kuma da ba na son in ɓoye maka. Tun da aka fara aiki da Sahir, tsarin kama masu laifin tuƙi da kyamara, a 2010 kyamarorin hukuma suke ƙaruwa a kan hanyoyi, kuma sau da yawa muna ganin murur, wato 'yan sandan kula da hanya, suna sanar da kama wanda aka gani a bidiyon da ya yaɗu yana wasa da rai a kan titi. Wannan bidiyo da za ku ɗora, shi ne zai zama shaida a kanku, ga fuskokinku ga lambar motar. Wanda yake ɗan ƙasa a cikinku da wanda yake zaune da iƙama ba ɗaya ba ne idan magana ta kai ofis, kuma wan abokin nan da zai riƙe sitiyari shi ne zai fi kowa ɗaukar nauyin. Ku tambaye shi ko ya yi wannan lissafin.

Mai Kyamara, Jidda

Baba Direba ya gama magana a kan hanyar, kuma abin da zan ƙara zai nuna maka, ƙanena, cewa ko ta fuskar hoto ba ku yi asarar komai ba idan kuka bar Hada. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da tallan shaguna, kuma tambayarka ta uku ita ce ta fi jan hankalina, domin a cikinta amsar sauran take.

Ido ba ya auna gudu da kilomita. Yana auna shi ne da yadda abubuwan da ke kusa suke wucewa. Shi ya sa idan kana cikin jirgin sama kake ganin kamar a tsaye yake, alhali idan kana kan keke a cikin lungu mai ƙunci sai ka ji kamar tashi za ka yi. Bidiyonku na baya ya fito a sanyaye ne, ina kyautata zato, saboda kun ɗauka daga tsayin ƙirji ko daga tagar mota, daga nesa, a kan titi mai faɗi wanda babu komai a gefensa. Ku sauko da kyamarar ƙasa, kamar taƙi ɗaya ko biyu daga kwalta, ku buɗe ta a kan mafi faɗin gani, ku zaɓi wurin da akwai shinge ko duwatsu ko itatuwa dab da hanya. Da wannan kaɗai, gudun kilomita 35 a awa zai fito kamar ninkinsa. Babbar hanya irin ta Hada kuwa, mai faɗi da doguwar kwana, ita ce ta fi kowace cinye gudu a hoto, har mutum ya kasada da ransa a kilomita 70 mai kallo ya ga abin ba wani abu ba.

Abu na biyu shi ne ɗan dishi-dishin da motsi ke bari a hoto. Rana a ƙasar nan tana da ƙarfi, don haka idan ka bar GoPro ta zaɓa wa kanta, za ta riƙa ƙifta ido da sauri ƙwarai, kowane hoto ya fito tsaf, kowace tsakuwa a daskare, gudun kuma ya mutu. Ƙa'idar da muke bi ita ce saurin ƙiftawar ya ninka adadin hotunan da ake ɗauka a daƙiƙa, wato idan kana ɗaukar 60 a daƙiƙa, ka sa shi a 1/120. Hakan ba zai yiwu da rana ba sai ka sa wa kyamarar baƙin gilashin rage haske da ake kira ND, kuma ana samunsa a shagunan kayan hoto. Sai dai akwai cikas: na'urar hana girgiza da ke cikin kyamarar ta fi son hoto tsaf, kuma idan ƙiftawar ta yi jinkiri a kan kwalta mai gargada sai hoton ya riƙa yin wani irin rawa. Ni nakan tsaya a 1/240 idan kyamarar tana jikin abin da ke girgiza. Ku gwada duka biyun a unguwa kafin ranar. Ku kuma duba cewa an saita ta a kan 60, domin wutar lantarkin Saudiyya a kan 60 take bugawa, ba 50 ba irin ta Najeriya da Nijar da Sudan, kuma idan kuka yi kuskuren wannan, duk abin da kuka ɗauka ƙarƙashin fitilar titi zai iya fitowa yana ƙyafƙyafta.

Batun mota kuwa, leƙowa ta taga da waya ba ɗauka ba ce, neman rasa waya ne da hannu. Masu yin wannan aiki a waje suna manna kyamarar ne a gaban mota daidai bamba, su ƙara ɗaure ta da igiya. Amma ga tarkon da ke ciki: gilashi mai faɗin gani yana nisanta abin da ke gabansa, saboda haka mai ɗauka yakan riƙa ce wa direba ya ƙara matsawa, ya ƙara matsawa, har mota ta zo dab da mutum. A gudun kilomita 60 a awa, mota tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, kuma kafin direba ya ga mutum ya faɗi ya ɗaga ƙafa daga totur ya kai ta birki, daƙiƙa guda ta wuce. Wanda ya faɗi daga allo kuwa yana iya tsayawa cik idan ya bugi wani abu. Ni ba zan sa mota a bayan ɗan'uwana ba. Wanda ya fi ƙwarewa a cikinku ya riƙe kyamarar a kan sanda ya bi sauran a kan allonsa, ko ku ari kyamara mai ɗaukar kowane ɓangare irin Insta360, wadda ke ɓoye sandar a hoto, daga baya ku zaɓi inda kuke so ta kalla.

Ka kuma sani cewa bidiyon minti uku ba a gangara ɗaya ake yinsa ba. Guntaye ne na daƙiƙa uku zuwa shida ake harhaɗawa. Kwana ɗaya mai kyau ta ishe ku wuni: a sha ta sau goma, kowane karo kyamara a wani wuri, sau ɗaya a cikin kwanar a ƙasa, sau ɗaya daga saman dutse, sau ɗaya a kan ƙafafu kaɗai, sau ɗaya a kan safar hannu tana gogar kwalta. Ku ɗauki ƙarar tayoyin daban da waya a gefen hanya, domin abin da kyamarar da ke gudu za ta ji iska ce kawai. Idan kuna son Hada ta fito, ku sayi tikitin tilifirik ku ɗauki dutsen da hanyar daga sama ku buɗe bidiyon da shi. Ku lura dai cewa fuskar dutsen yamma take kallo, wajen Tihama, don haka da sassafe a inuwa take.

Game da izini, jirgi maras matuƙi ba a tashinsa sai an yi masa rajista an kuma samu izini daga hukumar sufurin jiragen sama, GACA, kuma aro ba ya ɗauke wannan. Ku kuma kiyayi fuskokin mutane da lambobin motocinsu. Dokar ɗa'ar zaman jama'a ta 2019 ta sa tarar riyal 1,000 ga wanda ya ɗauki mutane ba da yardarsu ba, dokar laifukan intanet ta 2007 kuma ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin mutane da kyamarar waya. Wuraren shaƙatawa na Hada da Shafa cike suke da iyalai, kuma ka san yadda mutanen nan suke da batun hoton iyalinsu.

Ma'aikaciyar Jinya, Makka

Ƙanena, a duk bayaninka ban ga inda ka faɗi abin da kuke sawa a jiki ba, sai hular kwano da ka ambata a matsayin wurin ɗaura kyamara. Ina aiki a sashen gaggawa, kuma abin da nake so ku riƙe shi ne wannan.

Mutum yana iya buga kai, ya miƙe yana dariya yana cewa a sake ɗauka, alhali jini yana taruwa a hankali tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa, sai bayan awa ɗaya ko biyu ya fara amai, ko ciwon kai mai tsanani, ko magana ta rikice, ko barci ya rinjaye shi. Duk wanda kansa ya taɓa ƙasa, wasansa ya ƙare a ranar, kuma idan ɗaya daga cikin waɗannan alamu ta bayyana, ko ya suma ko da na ɗan lokaci ne, asibiti za a nufa. Idan ya faɗi bai tashi ba, ko yana kukan wuya, kada ku ja shi, kada ku cire masa hular matuƙar yana numfashi, ku tsare hanya ku kira 911 ko 997 na Hilal Ahmar, masu motar agajin gaggawa. Ku san sunan wurin da kuke tun kafin ku fara, ku kuma tabbatar akwai sabis a wurin, domin a tsakanin duwatsu yakan ɗauke.

Hular da ta sha bugu mai ƙarfi sau ɗaya ta gama aiki ko da ba a ga tsagewa ba, domin soson da ke cikinta murƙushewa yake yi ya shanye bugun, kuma ba ya komawa yadda yake. Ku nemi mai rufe haɓa. Haka nan wanda ya dafa ƙasa da tafin hannu ya ji ciwo a gindin babban yatsa kada ya ce targaɗe ne a kai shi wurin mai ɗori, domin akwai ɗan ƙashi a wurin da karayarsa kan ɓuya a hoton farko, kuma idan aka yi sakaci ba ya haɗewa da kyau. Ƙujewar kwalta a wanke ta da ruwa mai yawa har ƙasar ta fita, a kuma duba allurar tetanus. Kowannenku ya karanta takardar inshorarsa, domin akwai waɗanda ke cire wasanni masu haɗari daga abin da suke biya.

Mai Gangara, Abha

Ina gaida Baba Direba da Yaya Mai Kyamara da Anti. Na shekara shida a wannan wasa, kuma ina zaune a yankin da gangara ta fi ta Hada yawa, domin dutsen Suda ya kusa mita 3,000, ga Aƙabar Sha'ar ga ta Dala'a. Ban taɓa hawa ko ɗaya daga cikin waɗannan manyan hanyoyi da allo ba, kuma ban san wani mai hankali a cikinmu da ya hau ba. Sai dai ina da ɗan saɓani da Yaya Mai Kyamara a wuri ɗaya: ba wa wanda ya fi ƙwarewa sanda ya bi sauran ba ƙaramin abu ba ne kamar yadda ya sauƙaƙa shi. Hannun da ke riƙe da sanda shi ne hannun da ake dafa ƙasa da shi a tsaya, kuma idon da ke lura da kyamara ya bar kallon hanya. Wanda zai yi wannan sai ya iya tsayawa ta ɓangaren dama da na hagu, kuma ya riƙa wurgar da sandar ba tare da tunani ba idan ta ɓaci. Idan babu irinsa a cikinku, ku dasa kyamarar a gefen hanya, ko ku ɗaura ta a ƙirji.

Bidiyoyin da kuke gani na ƙasashen waje, yawancin masu kyaun a rufaffiyar hanya ake yinsu. Maryhill da ke jihar Washington a Amurka tsohuwar hanya ce da aka hana motoci bi, ana karɓar hayarta ne a yi wasa. A gasar Kozakov ta ƙasar Cek rufe hanya ake yi a jera dammunan ciyawa a kwanoni. Peter Connolly, ɗan Ingila da ya kai gudun kilomita 146.73 a awa a Kanada a 2017, a rufaffiyar hanya ya yi, cikin rigar fata tun daga wuya har idon sawu. Abin da kyamara ba ta nuna muku shi ne mutanen da ke tsaye a sama da ƙasa da oba-oba a hannu.

Ɗan'uwa, kai da na biyar ɗinku ba ku kai shiga wannan bidiyo a kan gangara mai tsanani ba tukuna, kuma ba raini ba ne. Birkin takalmi yana aiki a ƙaramin gudu, amma idan gudu ya yi yawa, sauke ƙafa ɗaya daga allo shi kansa yana jawo faɗuwa. Zamiyar da abokanka uku suka iya, wadda ake kira da sunan Cliff Coleman, mutumin Berkeley da ya yaɗa ta tun shekarun 1970, ita ce birkin gaskiya, kuma sharaɗin da muke bi shi ne kada ka yi gudun da ba ka taɓa tsayawa daga irinsa ba. Tana bukatar safar hannu mai faifan roba mai tauri a tafi. Mu da farko katakon yanka nama na roba muka yayyanka muka manna a safar ma'aikata, kuma ya yi aiki.

Abin da ya fi kayar da sababbi shi ne makyarkyatar allo, inda yake fara kaɗawa dama da hagu har ya watsar da mutum. Tana zuwa ne idan nauyi ya koma ƙafar baya, kuma tsoro ne ke mayar da shi can. A danƙara nauyi a ƙafar gaba, a durƙusa, a saki gwiwa. Ku kuma sa bushin, wato robar da ke jikin ƙarfen da ke riƙe tayoyi, mai tauri daidai nauyinku, musamman a baya, maimakon ɗaure kusoshi har su murƙushe shi, ku duba boris da goron kowace taya kafin kowace gangara. Kwalta mai zafi tana sa taya ta yi saurin cinyewa ta kuma sauya yadda take kama ƙasa, saboda haka kwanar da ka sha lafiya da ƙarfe bakwai ba ita ce ta ƙarfe goma sha ɗaya ba. GoPro ma kashe kanta take yi idan ta yi zafi, don haka kada a bar ta a rana tsakanin ɗauka da ɗauka.

Akwai wani abu da na gani a kaina. Ranar da muka fara ɗaukar bidiyo, a kwanar da na sha fiye da sau ɗari, na jinkirta zamiya da taki kaɗan don kawai in wuce gaban kyamara a guje, na kuwa ƙare a cikin tsakuwa da ƙujajjen cinya. Ban yi niyyar burgewa ba, jikina ne ya yi ba da shawarata ba. Tun daga ranar muka sa doka cewa ranar ɗauka kowa zai rage gudunsa ƙasa da na kullum, kuma ba a cewa "a sake, ka ƙara wuta". Wanda ya gaji ya zauna, domin faɗuwa ta fi zuwa a gangarar da aka ce ita ce ta ƙarshe.

Wurin da zan ba ku shawara shi ne irin wanda kuka saba, wato sabon yankan filaye a kan tudu, mai mashiga ɗaya, wanda za ku taka da ƙafa daga sama har ƙasa da tsintsiya kuna share yashi kuna duba murfin kwalbati. Ku nemi yardar mai gadi ko ofishin masu filin. Mutum ɗaya ya tsaya a mashiga, ɗaya a ƙasa, kuma kada kowa ya taso sai an ce masa hanya fes. Idan kuwa burinku hanyar dutse ta gaske ce, wannan sai an bi ta baladiyya, wato hukumar gari, da murur a rufe ta, kuma ya fi sauƙi ta hannun ƙungiyar wasa mai rajista da Ma'aikatar Wasanni.

Ɗan Rusaifa, Makka

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara girma. Na karanta wa abokaina amsoshin nan a daren jiya, kuma ba zan ɓoye ba, an yi musu sosai, domin ɗayanmu yana ganin tsoro ne kawai ake ba mu. Abin da ya kashe maganar shi ne wan abokinmu, wanda da ya ji lissafin mita 17 a daƙiƙa da batun lambar mota ya ce shi kam ya fita, kuma babu wata motar.

Mun koma kan wani yankan filaye da muka sani, mai kwana biyu masu kyau da dutse a gefe. Ni zan riƙe kyamara a gefen hanya, na biyar ɗinmu ya tsaya a mashiga, mun kuma fasa aron jirgin. Anti, gaskiya biyu daga cikinmu hular keke suke sawa, ɗaya kuma tasa ta taɓa buguwa, don haka mun ɗaga ranar da mako uku har a sayi sababbi. Yaya Mai Kyamara, gilashin ND ɗin lamba nawa zan nema, domin na ga akwai 8 da 16 da 32?

Mai Kyamara, Jidda

Ka sayi saitin gaba ɗaya idan kuɗin ya kai, domin yawanci tare ake sayar da su. Da hantsi za ka fara da 8 ko 16, idan rana ta ɗaga ka koma 32. Ka ɗauki gwaji na daƙiƙa goma ka duba a inuwa kafin kowa ya hau allo, kuma ka zo da batir biyu aƙalla da abin goge gilashi, domin ƙurar da tayoyin ke tayarwa a kwana a kan kyamararka za ta sauka.